Muryar da Aka Saka a Bakin Mahaifina

Na so in tsallake labarin wannan shekarar, 'ya'yana, kamar yadda na tsallake wasu da ba su da daɗin tunawa. Abba ne ya hana ni, ɗan 'yar'uwarku Hadiza, wanda aka sa wa sunan mahaifina, shi ya sa ba mai kiran sunansa na yanka a gidan nan. Ran nan uwarsa ta kawo shi yini nan Kwaciri, ina kishingiɗe a soro ina jiran la'asar, sai ga shi ya faɗo a guje, ya naɗe kansa da mayafin uwarsa, ido kawai ya bari a waje. Ya sunkuci takalmana, ya daki ƙirji, ya maƙale murya ya ce:

"Kaya naka, kaya nawa, Buzu tafi!"

Yara suka bushe da dariya, ita ma Hadiza ina jiyo tata daga tsakar gida. Ni kuwa sai na ji kamar an watsa mini ruwan zafi a fuska. Na ce zo nan, ja'iri, ina ka samo wannan? Ya ruga ya ɗauko wayar uwarsa ya nuna mini. Wani guntun tsohon fim ne da ake ta tura wa juna, hoton duk ya dushe. Ga rairayi, ga raƙuma durƙushe da kaya, ga wani dogon tsoho cikin baƙin rawani yana nuna kayan da hannu. Rawanin na fara ganewa kafin in gane mutumin. Na miƙa wa yaron wayar na ce ya ajiye mini takalmana. Ba laifinsa ba ne, ba kuma laifin Hadiza ba ne, tana goye aka yi abin, kuma tun daga lokacin gidanmu ba a sake tayar da maganar ba. To, yau zan tayar da ita.

Kakanku Agali Buzu ne, wannan kun sani, ko da yake na lura ba ku cika faɗa ba. Abin da wataƙila ba ku sani ba shi ne ubansa bawa ne. Bawan Abzinawa ne, shi ke jan akalar raƙumansu daga Agadas zuwa Kano da gishiri da dabino, a koma da tufafi da hatsi. Da zamani ya juya ya samu kansa, sai ya zauna a Fagge, inda dama ayari ke sauka, ya kafa ɗan gidansa. A nan mahaifina ya tashi, Hausarsa ta Kano ce tas, ta fi ta wasu masu taƙama da cikin badala, wato tsohon birni. Sana'arsa fatoma ce. 'Yan kasuwar Agadas da Damagaram in sun zo sarin atamfa da shadda a Kantin Kwari, gidansa suke sauka, a ɗakunansa suke tara dilolinsu. Wani ya bar kaya wata da watanni, ya je gida ya dawo ya tarar da su yadda ya bar su, har da ƙullin igiyarsa. Ba takarda, ba shaida. Duk jarin Baba ke nan a duniya, a ce Agali ba ya taɓa kayan mutane.

Abu ɗaya ne bai saki ba daga na iyayensa, shi ne amawali, ƙasan rawanin nan da ake ja a rufe baki da hanci. A wajenku ado ne na masu sarauta, a wajen su Baba kuwa sutura ce, kamar wando. Namiji baligi ba ya bari a ga bakinsa, balle a gaban manya ko surukai. Shayi ma ta ƙarƙashin amawalin yake zura ɗan kofin ya kurɓa, tuwo kuwa shi kaɗai yake ci a ɗakinsa, ya juya wa ƙofa baya. Ba zan ce ban taɓa ganin bakinsa ba, na hanga ina ƙarami in yana alwala a bayan ɗaki, amma a waje, gaban jama'a, ko sau ɗaya. Inna, mahaifiyata, Bakanuwa ce 'yar Fagge, bakinta kamar reza, takan tsokane shi ta ce ita ido biyu da murya ta aura. Ni ban naɗa ba. Na tashi da hula kamar kowane ɗan Kano, na samu tebur a Kwari ina sayar da shadda, kuma Baba bai taɓa matsa mini ba.

A lokacin da nake ba ku labari finafinan Hausa na kaset sun cika gari. In ka bi ta Bata, wajen kasuwar Sabon Gari, ba ka jin maganar wanda ke kusa da kai saboda kiɗan da ke tashi daga shagunan dillalai. Sai aka shiga yayin labaran zamanin da, na yaƙe-yaƙe da fatake da garuruwan da suka shuɗe, wasu a littafi, wasu a kaset. Ina karantawa, ina kallo, kamar kowa. Amma duk wanda ka ɗauka, mutanenmu iri biyu ne a ciki. Ko dai ɗan fashi ne da ke ɓullowa daga bayan tudu da takobi tsirara, ko wawa ne da ba ya iya haɗa kalma uku ta Hausa. Bagwari shi ne mai ɗaukar kaya a yi masa dariya, Bamaguje kullum a buge yake. Bawa kuwa ko suna ba a ba shi, "kai bawa" ne tun daga farko har a kashe shi a tsakiyar labari ba mai yi masa kuka. Madugu shi ne fari, kyakkyawa, mai salla a kan lokaci. Mun saba da haka har mun daina jin zafinsa sosai. In an zo wurin a majalisa, sai ka ɗan murmusa ka dubi wani wajen, ka jira a wuce.

Ana nan sai ga Malam Kabiru. Malamin makaranta ne, matashi mai ladabi, ya rubuta labarin wani ayari na kafin zuwan Turawa, wasu samari masu kyamara za su mayar da shi fim. Ya zo soron Baba, ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa. Ya ce yana neman wanda ya san yadda ake ɗaure kaya a kan raƙumi da yadda ake naɗi. Sannan akwai wani jagora a labarin, Buzu, wanda madugu ya damƙa wa dukiyar ayari, ba ya so ya ba ɗan wasa ya ɓata masa shi.

"Baba, an daɗe ana yi muku ƙarya," in ji shi. "Ni so nake a ga Buzu na gaskiya, mai riƙon amana."

Har yau na yarda da gaske yake yi a ranar. Baba ya ce zai yi shawara. Inna kuwa tana bayan ƙofa ta ji komai, ko fita baƙon bai gama yi ba ta fito da zani a hannu, ta tsaya a kan Baba.

"Malam, kai da ko loma ba ka kaiwa a gaban mutane, kai ne za ka shiga akwati duniya ta kalle ka? Da girmanka? Yaran nan ba su san darajar furfura ba."

"Ba ni za a kalla ba," ya ce. "Ubana za a kalla. Ya ja raƙuman mutane har ya tsufa, ba wanda ya taɓa sa shi a labari sai a ɓarawo."

"To, Allah Ya sa," in ji Inna, irin "Allah Ya sa" ɗin nan tata mai nufin na gama magana, ka ji da kanka.

Sharaɗi ɗaya ya kafa musu, ba zai sauke amawali ba. Suka ce ai haka ma ya fi kyau. Ya buɗe wata adaka da ban taɓa ganin an buɗe ba, ya fito da rawanin ubansa na turkuɗi, shuninsa har yana bin hannu, da takobinsa cikin kube. Ni na raka shi wurin ɗaukar, wani fili mai rairayi can arewa da Kano, an yi hayar raƙuma an kai. Ina tsaye a bayan mai kyamara, don haka abin da zan faɗa muku da kunnena na ji. An shirya cewa madugu ya kwanta ciwo a zango, ya kira jagora ya damƙa masa kaya. Baba ya miƙe tsaye, ya nuna kayan da hannun dama, ya mayar da hannun ya dafa ƙirjinsa, ya ce:

"Kayan nan amana ne a wuyana. Ko in kai su Kano, ko a tarar da gawata a kansu."

Sannan ya kama akala ya ja raƙumin gaba, ya tafi a hankali ba waiwaye. Ɗaya daga cikin samarin ya ce tsigar jikinsa ta tashi, Malam Kabiru ya zo ya riƙe hannun Baba da hannu biyu. A mota muna dawowa Baba yana ta shafa kuben takobin, amma na san murmushi yake yi don idanunsa sun ƙanƙance.

Da kaset ya fito kasuwa, Baba ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya tara mutane. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka aro talabijin da bidiyo da janareta, aka shimfiɗa tabarmi tun daga soro har tsakar gida. Inna, duk da mitar da take yi, ta kwana biyu tana shirin dambu da kunun aya. Maƙwabta suka cika, abokaina na kasuwa suka zo, yaran unguwa suka maƙale a taga. A gaba kuma ga baƙin Baba na Agadas, cikinsu har da Alhaji Ilyasu, babban baƙonsa, wanda tun suna samari yake sauka a gidanmu, shi ma da amawalinsa har ƙarƙashin ido. Baba ya zaunar da shi a gefensa a kan buzu ɗaya.

Aka kunna. Da Baba ya ɓullo a hoto yana jan raƙumi, yara suka ɗau sowa, Alhaji Ilyasu ya dafa gwiwar Baba da ke gefensa. Sai jagoran ya fara magana. Muryar ba tasa ba ce. Wata siririyar murya ce, maƙaƙƙiya, tana gwamutsa Hausa kamar mai tauna tsakuwa, tana tambayar yaushe za a ci abinci. Na ce a raina ƙila kaset ɗin ne ya lalace. Aka ci gaba, duk inda ya fito muryar nan tana biye da shi, tana roƙo, tana ƙorafi, tana lissafin abin da ke cikin jakar wasu. Har aka zo wurin da nake jira. Madugu na kwance, Baba ya miƙe da kwarjininsa, ya nuna kaya, muryar ta ce "Kaya naka." Ya dafa ƙirji, ta ce "kaya nawa." Ya kama akala, ta ce "Buzu tafi!" Aka saki wani kiɗan shaƙiyanci yana tafiya. Sai aka nuno fatake sun farka suna kururuwa, madugu yana cewa laifinsa ne da ya yarda da ɗan bayi.

Yaran taga suka fashe da dariya, don abin, Allah Ya gafarta mini, an haɗa shi ya zauna daram kamar don shi aka yi motsin hannun. Abokaina suka yi ta danne tasu, ɗaya ya kasa ta kufce masa ta hanci. Layin gaba kuwa ba wanda ya motsa. Can Alhaji Ilyasu ya janye hannunsa daga gwiwar Baba, ya tashi ya kaɗe rigarsa ya shige ɗakinsa, sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Na sha jin kunya a rayuwata, amma irin ta ranar ban sake ji ba. Kunnuwana suka yi zafi, na rasa inda zan sa idona, na kasa duban fuskar Baba sai ƙafafunsa, yana ta murza babban yatsansa a kan tabarma. Kunyar maƙwabta nake ji, da ta abokaina da gobe zan haɗu da su a kasuwa, da ta dambun da ke cikin faranti ba a ci ba. Inna ce ta ratsa mutane ta fizge wayar talabijin.

"Ba ni na faɗa ba," in ji Baba a hankali, kamar ba da kowa yake ba. Sannan ya kira sunana. "Sidi, kana wurin. Ba ni na faɗa ba."

"Ba kai ba ne, Baba," na ce. Amma muryar tawa ko ni da ƙyar na ji ta.

Da safe muka tafi Sabon Gari, wani bene inda ake haɗa finafinan. Aka shigar da mu wani ɗan ɗaki mai sanyi an liƙe bangonsa da soso. A nan na fahimci yadda suke aiki. Ashe muryar da aka ɗauka a daji ba a amfani da ita, iska da kukan raƙuma sun ɓata ta. Sai an dawo gari kowane ɗan wasa ya shigo ɗakin nan, yana kallon bakinsa a hoto yana sake faɗar maganarsa. Baba ba wanda ya aika masa. Mai haɗa hoton bai ma san ya yi laifi ba, ya yi mana bayani tiryan-tiryan kamar mai koya mana sana'a. Ya ce da aka gama sun kai wa dillalan kaset, suka kalla suka ce fim ba mugu ba ban dariya, ba za su ɗauka ba. Komawa daji kuma ba hali, ɗan guntun farkawar fatake kawai suka iya ƙarawa a nan gari.

"Sai muka duba wa za a iya sauya wa magana," in ji shi. "Duk sauran ana ganin leɓensu, in an sauya za a gane. Baba ne kaɗai ba a ganin bakinsa."

Malam Kabiru yana tsaye a lungu kansa a ƙasa. Baba ya juya wajensa, bai ɗaga murya ba, ya tambaye shi ko da saninsa aka yi. Malam Kabiru ya ce ya yi gardama, an fi ƙarfinsa. Da ya tsaya a nan da na yafe masa tuntuni. Amma mai ilimi ba ya iya yin shiru, sai da ya ƙara.

"Baba, ka duba, labari ne kawai. Dole wani ya ci amana in ana so labari ya yi daɗi. In na ce madugu ne, irin waɗannan gidajen suna nan cikin gari, jikokinsu manyan mutane ne, sai a ce da wane nake. Shi kuwa Buzu..."

Ya kawar da kai.

"Shi Buzu ba shi da jikoki," in ji Baba.

Na tambayi kaset ɗin asali mai muryar Baba, aka ce an riga an ɗora wani fim a kansa. Malam Kabiru ya yi alkawarin zai zo Fagge ya yi wa baƙinmu bayani da bakinsa, mun jira shi bai zo ba.

Kafin mako ya zagayo maganar ta cika Fagge. Yara na bin Baba da ita in zai tafi masallaci. 'Yan dako a Kwari in za su ɗauki dila sai ɗaya ya ce "kaya naka," sauran su amsa. Ni ma teburina bai tsira ba, mai saye ya ɗauki shadda ya yi kamar zai gudu, a yi dariya, ni ma in yaƙe haƙora don kada a ce ban san wasa ba. Duk wannan Baba zai iya haɗiyewa, dariyar Hausawa ba baƙuwarsa ba ce. Abin da ya karya shi daga nasa mutanen ya fito. Wata safiya Alhaji Ilyasu ya kira 'yan dako suka fara fitar da dilolinsa zuwa gidan wani fatoma. Baba ya tsaya a bakin ɗakin.

"Agali, ban ce ka taɓa ko allurata ba," in ji Alhaji Ilyasu. "Amma ka sa rawanin ubanka, ka rataya takobinsa, ka tsaya ka ce mu ɓarayi ne don a yi dariya. Da me zan koma in gaya wa mutanen gida?"

Baba ya rantse ba muryarsa ba ce.

"Murya kowa na iya maƙalewa. Rawanin naka ne, hannun naka ne."

Na sa baki na ce ina wurin, na ji abin da ya faɗa. Ya dube ni sama da ƙasa, ni da hulata da bakina a waje, ya ce kai ɗansa ne, dama me za ka ce? Da ya fita sauran suka bi shi. Ɗakunan da tun ina yaro ban taɓa ganin ƙasansu ba suka zama wayam, kana magana suna amsa maka. Baba ya kan zauna a soro da butar shayinsa da ƙananan kofuna a jere, ya dafa ya huce ba mai sha.

Inna ta ce a kai ƙara. Wani ya ce a je gidan rediyo. Baba kuwa, wata hantsi sai ya naɗa rawanin nan na ubansa ya ce in raka shi. Muka bi ta cikin kasuwa har filin da motocin Agadas ke lodi. Alhaji Ilyasu da mutanensa suna zaune a inuwar wata babbar mota suna shan shayi, ga 'yan dako da direbobi da masu talla ko'ina. Tun daga nesa aka fara, "Buzu tafi, Buzu tafi." Baba ya je ya tsaya a gabansu ya yi sallama, aka amsa ciki-ciki. Ban san abin da zai yi ba, da na sani da na riƙe hannunsa. Ya ɗaga hannu ya kama amawalin ya ja shi ƙasa har ƙarƙashin haɓa.

Rabona da bakin nan tun ina yaro, kuma ba haka na san shi ba. Ɗan ƙarami ne, ya shige ciki, haƙoran gaba duk sun zube. Fatar wurin ta fi sauran fuskar haske, shuni ya rina ta, ga ɗan siririn gemu fari. Mutumin da duk Fagge ke yi wa kallon dogo mai kwarjini, ashe tsoho ne tukuf.

"Ku dubi bakina," ya ce. "Da shi zan faɗa, kuna gani, don kada a sake sa mini wata."

Ya nuna dilolin da ke kan motar, ya dafa ƙirji, ya maimaita maganar da ya yi a daji kalma bayan kalma. Mutanen Agadas tun kafin ya kai ƙarshe suka kawar da kai, wani ya rufe ido da tafin hannu, kamar yadda za ka yi in zanin tsohuwa ya faɗi a kasuwa. Alhaji Ilyasu ya zabura har ya ture butar shayi, ya zo fuskarsa na kallon gefe, ya lalubi amawalin da hannunsa ya mayar masa.

"Ya isa, Agali. Rufe. Don Allah rufe, na yarda."

A daidai nan wani ɗan dako daga saman mota ya ce, "Kai, ashe Buzun ba haƙora!" Aka sake kwashewa da dariya. Ina tsaye a gefen ubana, ƙato da ni, mai mata da 'ya'ya, ji nake da ƙasa za ta tsage da na shige. Ban san wacce ta fi ci na ba, kunyar dariyar, ko kunyar cewa na ga abin da ya yi shekara da shekaru yana suturtawa, kuma na gan shi tare da 'yan talla da karen mota.

Kafin magariba diloli suka dawo gidanmu. Alhaji Ilyasu da kansa ya tsaya aka jera su, sauran ma suka dawo, ɗakuna suka cika. Sunan Baba ya wanku a wajen waɗanda ya damu da su. Amma shi bai sake zama a soro ba. Ba ya iya haɗa ido da mutanen da suka ga bakinsa, su ma in sun hango shi sai su sunkuyar da kai. Ya miƙa mini makullan ɗakunan, ya koma ƙuryar ɗakinsa, masallaci ma sai ya daidaici an tayar da salla ya tsaya a sahun baya. Alhaji Ilyasu kan tsaya a bakin ƙofa ya gaishe shi ta bayan labule, su yi 'yar hira da yarensu, shi ke nan. Inna ta daina tsokanarsa. Wata rana tana tankaɗe na ji tana faɗa wa kanta, sun ɗauke masa murya, shi kuma ya je ya biya da fuskarsa. Damina biyu ya ƙara Allah Ya karɓi abinsa. Malam Kabiru ya zo ta'aziyya, Inna ta aiko daga ciki a gaya masa an gode, ya kama hanya.

Kaset kuwa bai san an yi ba. Ya tafi Zariya, ya tafi Maraɗi, ya tafi duk inda ake jin Hausa, kuma ba garin da Baba zai bi shi ya sauke amawali. Na ɗauka da kaset ya mutu abin ya mutu, ashe yana kwance ne yana jiran waya. Na sa an duba mini ƙasan hoton inda ake rubuta ra'ayi, mutane ne rututu suna dariya, wasu suna cewa finafinan da sun fi na yanzu faɗar gaskiyar tarihi. Ba zan iya bin su ɗaya-ɗaya ba, ƙarfina bai kai ba. Ku ne nawa, ku nake iya gaya wa.

Da Hadiza ta sake kawo Abba, na kira shi soro na ce ya zo da wayar. Ya zo yana murna, ya ɗauka wasan za mu yi. Na ce ya nemo hoton, ya nemo. Na ce kashe muryar. Ya dube ni, ya kashe. Muka zuba ido, tsohon ya miƙe tsaye shiru, dogo, cikin rawanin ubansa. Da ya nuna kayan sai na faɗa, da ya dafa ƙirji na ƙarasa. Sannan ya kama akala ya tafi, ba kiɗa, ba komai, har hoton ya ƙare.

"Kaka, wane ne shi?"

"Mai sunanka ne. Babana."

Ya sake kunnawa da kansa, bai mayar da muryar ba. Ya kalla har raƙumin ya ɓace a bayan tudu, sannan ya ɗago kai.

"To, ya kai kayan?"

"Ya kai su, Abba," na ce. "Ko zare bai ɓata ba."